Ranar da Na Shanye Ma'aunin Hula

Ba zan taɓa mantawa da Disambar da na naɗa kaina sarauniyar saƙa ta unguwarmu Tunga ba. Babu wanda ya zaɓe ni, ni na zaɓi kaina. Mu goma sha biyu ne matan layinmu, Musulmi da Kirista, muka ce tunda hutun Kirsimeti ya zo ga sanyi ya sauko, bari mu saƙa huluna mu kai wa jarirai kyauta a asibiti. Maƙwabciyarmu Sista Hauwa, wadda nas ce, ta ce ɗakin bakwaini ya fi buƙata. Ta ƙara da cewa, "Kowa ta sayi lemu, ta riƙa gwada hular a kansa. In ta zauna wa lemu, ta zauna wa bakwaini."

Lemu! Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da na haifi biyar (duk kuma kan ubansu suka ɗauko, babban sai da aka tsaga wuyan rigar sunansa) za a koya wa girman kan jariri da kayan marmari? Sista na juya baya na yanka lemuna na shanye. Na ce wa mata, "Ku rabu da ita. Ita allura ta sani, mu muka san goyo." Na ɗauko kwanon shan furar maigida na kife a tsakiyar tabarma, na ce ga ma'auni nan.

Da yake Allah ya hore mini murya, kowa ta bi ni, ban da Maman Ladi, wata dattijuwa 'yar Gbagyi daga Beji da ke zaune wurin ɗanta. Ta ɗora lemunta a cinya, tana ta juya kwarashinta. Na ce, "Mama, 'yar tsana za ki yi wa suna?" Aka kwashe da dariya. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce da irin Hausarta, "Hajiya, nas ya ce lemu. Ni lemu zan bi."

Mako biyu muna fama da zaren ulu. Ni kaɗai na saƙa ashirin, kowace da tuntu a tsakiya. Ranar kaiwa na ci leshi, na kafa ɗauri, na ce wa ƙanwata ta ɗauke ni a waya (saboda tarihi, ba don a gani ba, kun gane ai). Har jawabi na yi a barandar asibiti.

Sista Hauwa ta buɗe jaka, ta zaro hula ɗaya, ta zura hannayenta biyu a ciki suka shige. Ta dube ni. "Hajiya, ina lemun?"

"Mun sha," na ce, kaina tsaye.

Daidai nan wata maijego ta fito da jaririyarta. Ranar aka sallame su bayan makonni a kwalba, ga mijinta ɗan acaɓa yana jira ya kai su gida can wajen ƙauyen Tagwai, cikin iskar nan mai ratsa ƙashi. Ɗan hankici kawai aka ɗora wa yarinyar a ka. An gaya wa uwar ta jira, masu huluna na zuwa.

Kun san me na yi? Cewa na yi, "A gwada mana!" Na zaɓi mai ruwan hoda, da hannuna na sa mata. Hula ta wuce ido, ta wuce hanci, ta sauka har ƙirji. Sista ta fizge ta da sauri: "Hajiya, za ki toshe mata numfashi!"

Sai a lokacin na dubi kan yarinyar da kyau. Wallahi lemu ne, lemun ma ƙarami. Uwar ta dubi jakarmu cike taf, ta dubi 'yarta, ta mayar mata da hankicin a ka. Gara ma da zagina ta yi. Kunya ta rufe ni, na ji ɗaurina ya yi mini nauyi.

Maman Ladi ta matso, ta kwance wata 'yar leda, ta fito da hulunanta guda shida, waɗanda na hana a sa a jaka don kada su ba mu kunya. Sista ta sa wa yarinyar ɗaya, ta zauna ɗas, ta rufe kunnuwa. "Lemu ya yi daidai," in ji Mama.

Ina neman hanyar sulalewa sai mijin ya ce cikin ladabi, "Hajiya, in ba a buƙatar waccan mai ruwan hodar, ni za ta yi mini amfani." Ya kafa ta a kansa. Ta yi masa cif. Ƙanwata kuwa ba ta kashe waya ba.

Washegari muka warware sauran, kowace hula ta ba da uku, ni ina zaune gefen Maman Ladi da sabon lemu. Na gane haihuwa biyar kan 'ya'yana kawai ta koya mini, ba na 'ya'yan duniya ba. Yanzu in mai aikin ta ce lemu, lemu nake bi.

Har yau, duk sanyi, akwai ɗan acaɓa mai hula ruwan hoda da tuntu a titin Tunga. Ko yana da fasinja sai ya taka birki ya ɗaga murya: "Hajiya mai hula, yarinya tana gaishe ki!"