A Sako Jakina, A Ɗaure Ni

Zuwa ga Mai Girma Manjo, Uban Marasa Gata, Shugaban Ofishin Tsamo Talaka, reshen Kudan. Allah ya ƙara tauraro a kafaɗa.

Bayan gaisuwa ta ladabi, da ban gajiyar tsamo mu da kuke ta yi, ni ne Lado mai rake na Likoro, wanda kuka ba rance bana don ya ƙara jari, kuka rubuta jakinsa a matsayin jingina. Yau, da yake na kasa biya, jakin yana ɗaure a gindin mangwaron ofishinku, ni kuma ina dakon rake a ka zuwa bakin titin Makarfi. Ina neman izinin yin ɗan kuka.

Na ɗaya. Ranar da kuka ba ni kuɗin, kun sa an faɗi sunana a rediyo, har da na mahaifina, aka ce Lado ya fita daga talauci. Ranka ya daɗe, a ƙasar nan wa ke fita daga wani abu a ƙyale shi? Ko daga asibiti mutum ya fito, ai sai an zo barka. Kafin in iso gida zaure ya cika. Dangin Saulawa da tabarminsu suka zo. Wata tsohuwa daga Ikara ta rantse ita ta goye ni. To mutum ya yi tattaki ya zo taya ka murna, sai ka sallame shi da ruwan randa? Haba! Zulai matata ta tuƙa tuwo har kafaɗarta ta riƙe, na raba goro, na ba kowa kuɗin mota, har waɗanda suka zo a ƙafa.

Na biyu. Da ragowar na tafi sayen taki, na tarar gwamnati ta sake cewa a tsuke bakin aljihu. A aljihun na zubo takin.

Na uku. Ba ƙara nake kawowa ba, Allah ya kiyaye, amma Malam Tukur, ma'aikacinku da ya zo kama jakin, shi ma ya zo barkar. Malmala biyu ya ci, ya yaba miya, muka raka shi da zakara. Ko a lokacin bai ga inda jarin yake tafiya ba?

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ta karye. Ran Laraba na je duba jakina. Ranka ya daɗe, ban gane shi ba. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, ga dusar gwamnati a gabansa, ga soja da bindiga yana gadinsa. Na kira shi, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya mini baya. Wallahi sai da na yi hawaye. A gidana yara sun koma cin abinci sau ɗaya, kuma idan raken nan ya bushe a gona, ko ɗayan ma ba za a samu ba.

Saboda haka ina roƙo a yi musanya. Jakin ya san hanyar kasuwa, Zulai ta iya ciniki, aiki ba zai tsaya ba. A sako musu shi, a ɗaure ni a gindin mangwaron. Ba na harbi, ba na kukan asuba, kuma dusar da yake ci za ta ishe ni har in aika wa yara da saura.

Naka mai biyayya, da igiyata a hannu,

Lado Mai Rake,
Likoro.