Damon Ƙarƙashin Rumbun Iya Indo

"...lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Kai kuma wace iska ta kwaso ka daga Dutse? Ko abincin birnin ne ya ƙare ka zo lasar tukunyata?"

Iya Indo ke nan, ko ƙullin kayanta ba ta sauke ba. Dawowarta ke nan daga Aujara, inda ta kwana wajen suna a gidan ƙanwarta, ta tarar da jikanta Nata'ala zaune a turminta yana kaɗa ƙafa. Kafinta ne a Dutse, kuma tun da ya sayi babur ya fara yi wa mutanen ƙauye kallon masu buƙatar gyara.

"Tukunyar taki da ko kare sai ya yi shawara kafin ya lasa? Aiki na zo yi miki, tsohuwa. Ba ke kika aika mini ba, wai wani abu ya tare a ƙarƙashin rumbu yana shanye miki ƙwai?"

"Tun kafin shuka na aika. Sai yanzu da gero ya kai gwiwa ka ga damar zuwa? Allah wadaran miji irinka."

"Zo ki gani, sannan ki san kin yi dacen miji."

Ya wuce gaba yana taƙama, ta bi shi har gindin rumbun, a bayan ɗakinta. Rumbun a kan duwatsu yake zaune, da sarari a ƙasansa inda kaji ke fakewa. Tun jiya da la'asar Nata'ala ya kewaye sararin kaf da ragar waya, ya binne bakinta a ƙasa, ya danne da duwatsu, ya shafe da laka. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko ɓera ba zai sami hanya ba. Illa dai Nata'ala irin mutanen nan ne da hannunsu ke riga kansu isa wurin aiki.

Ƙullin kayan ya suɓuce daga kan Iya Indo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nata'ala, ina jar kazata?"

"Ni na ga wata kaza? Ai kiwonki duk kama ɗaya suke da ke, ƙashi da fata."

"Tana ciki! Kwanci take a kan ƙwan zabin kakanka!"

Nan dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Duk wanda ya san marigayi Malam Falalu, mijin Iya, ya san fararen zabinsa, har daga Miga ake zuwa neman irinsu. Cutar bara ta share su, saura mace da namiji, su ma a farkon daminar nan suka bi sahu. Ƙwan da macen ta bari shi ne ƙarshen irin. Iya Indo ta sa wa jar kazar, ita kuwa ta ƙi kwanci ko'ina sai cikin wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin rumbun.

"Ka leƙa kafin ka rufe?"

"Na leƙa mana. Duhu na gani."

"Duhu ka gani! Ka yi hayaƙin barkono ka kore shi? Ka barbaɗa toka a bakin wurin ka ga sawun fitarsa?"

"Mu a Dutse ba ma..."

"Ku a Dutse! Jiya-jiya aka ba ku gwamna, har kun manta yadda ake korar ɓarawo? Da can yana fita gona ya nemi abincinsa. Yanzu ka kulle shi, ka ajiye masa akushi a gabansa. Ɗauko filayarka kafin in kwantar da kai da taɓarya!"

Nata'ala ya durƙusa yana ɓamɓare lakar da ya sha wuyar shafawa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Ita kuma tana tsaye a kansa, bakinta bai huta ba.

"Yanzu shari'a ake yi, ka sani. Idan ƙwan nan ya salwanta, gaban alƙali zan kai ka a sare wannan hannun."

"In an sare, wa zai dama gumbarki ranar da kika tafi?"

"Ni zan ci taka. Ja wayar, malalaci!"

Ya yage gefe guda, ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube.

"Iya, kazar taki kaushi gare ta? Na ji bayanta kamar dutsen niƙa..."

Bai rufe baki ba wani ƙaton damo ya yo waje da huci, ya zabga masa jela a kunci, ya taka gadon bayansa ya dira.

"Wayyo Allah! Kada! Jama'a, kada!"

"Kada a ƙarƙashin rumbu? La'ilaha illallahu, dubi cikinsa!"

Ita ma mai yi masa faɗan ba ta san lokacin da ta ɗare kan dutsen rumbun ba, da gwiwar nan da kullum take cewa ta hana ta ruku'u. Damon ya ratsa tsakar gida yana jan tumbi, ya kutsa ta dangar kara, ya faɗa cikin gero. Tun da take ba ta taɓa ganin mai girmansa ba, kuma wannan cikin da ya yi tsele shi ya fi tayar mata da hankali.

"Kin gani ko?" in ji Nata'ala, yana dafe da kunci. "Ba don ragata ba, da yaushe za ki san mai yi miki ɓarna? Kama shi na yi."

Ta sauko, ta durƙusa, ta jawo tukunyar a hankali. Kazar na ciki da ranta, tukkunta duk jini, gashin wuyanta ya zube, amma ta buɗe baki ta kai wa hannun Iya sara. A gefenta kuwa ɓawon ƙwai ne birjik, an shanye tas.

Iya Indo ta zauna daɓas a ƙasa. Hawaye suka zubo mata. Ji ta yi kamar yau aka fitar da Malam daga gidan. Nata'ala ya cire hula ya tsuguna kusa da ita.

Sai wani ɗan siririn kuka ya fito daga ƙarƙashin kazar. Iya ta ɗaga fiffiken. 'Yan tsaki biyu ne, farare, ko gama bushewa ba su yi ba.

"Allahu akbar! Nata'ala, dubi! Ta hana shi waɗannan!"

"Wallahi kazar nan ta fi ni zuciya," ya ce a hankali. "Na sallama, Iya. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

"Hukuncinka hayaƙi da toka, sannan ka mayar da ragar, ka bar mata ƙofa. Kawo hular nan."

Ya miƙa. Ta sa 'yan tsakin a ciki, ta share ido da bakin mayafi, ta dube shi da shatar jela a kunci da laka har gira, sai dariya ta ƙwace mata.

"Riƙe da kyau, angona. In sun rayu ɗaya naka ne. Gadon kakanka ke nan, tunda hankalinsa dai ba ka gada ba."