Man Shafawar da Ya Ƙi Fita daga Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Nafisa ba, ko da na so mantawa, matan Ƙanƙara ba za su bar ni ba.

Nafisa ɗiyar yayata ce, Yaya Rabi, wadda Allah ya yi wa rasuwa da damina, wata huɗu kafin bikin. A Faskari an san Yaya da haɗa man shafawa mai laushi, kuma tun da aka sa rana take cewa duk macen da ta zo bikin sai ta tafi da kwalba guda. Da ta rasu, gwaggon ango, Hajiya Lami, ta aiko cewa a sayi robobi a raba kawai. Na ce a'a. Abin da Yaya ta faɗa shi za a yi.

(Ban taɓa haɗawa da hannuna ba. Kallo kawai nake yi idan na je wurinta, muna hira.)

Na buɗe ɗakin Yaya na tarar da kayan yadda ta bar su: man kaɗe, turare, da wani farin gari da take kira CMC, wanda ke sa haɗin ya yi kauri. Ta taɓa gaya mini daga auduga da itace ake yin sa. Ni kuwa a Daudawa aka haife ni, da hannun nan na ciri auduga. Na ce abin da ya fito daga auduga ba zai gagare ni ba.

Na zuba garin a ruwa, na juya. Tsululu. Na ƙara, na juya. Tsululu. To, macen da ta shekara talatin tana tuƙa tuwo, idan talge ya yi ruwa me za ta yi? Na ɗauko muciya na yi ruɗe, tafi bayan tafi, har garin ya ƙare. Ban san shi wannan gari ba ya nuna kaurinsa nan take ba, sai ya kwana yana sha. Na haɗa da mai da turare, na ɗura a kwalabe tamanin, na rufe.

Washegari a gidan ango a Ƙanƙara aka raba. Hajiya Lami ce ta fara buɗe tata a tsakar gida, mata sun kewaye ta. Ta kifa kwalbar a tafin hannu. Shiru. Ta girgiza. Shiru. Ta bugi gindin kwalbar da ƙarfi, sai ga wani curi ya fito da siffar wuyan kwalba, ya faɗa kan leshinta yana rawa.

"La'ilaha illallahu! Wannan shafawa ake yi ko yankawa?"

Wata daga baya ta ce, "Hajiya, a kawo miki miyar kuka?"

Gida ya ɗauki dariya. Ni ina bakin ƙofa, na ja mayafi, ina neman hanyar zaure. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na sulale. Sai na ji wata ta ce, "Ashe wannan ne man Rabin da ake ta yabo?"

Na dubi Nafisa. Ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, kafaɗunta suna motsi.

Na shiga tsakiyar gidan.

"Hajiya, ku yi haƙuri. Wannan ba aikin Yaya ba ne, nawa ne. Wadda ke son dariya ta yi da ni, ga ni tsaye. Ita kam ba ta taɓa ba kowa abin kunya ba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da kwando ina karɓar kwalabena. Wasu suka ce in bari, ba komai. Na ce akwai komai.

Na kai su wurin wata maƙwabciyar Yaya da ta koyi sana'ar a hannunta. Sai da ta gama dariyarta, ta share hawaye (na dariya ne ko na kewa, ban tambaya ba), sannan ta nuna mini yadda ake barbaɗa garin kaɗan, a bar shi ya jiƙa, a jira. Muka sake sabo. Bayan mako guda na hau mota zuwa Ƙanƙara, na bi gida gida na mayar wa kowace da kwalbarta.

Abin da na koya dai: kallon mai sana'a ba iya sana'a ba ne, kuma ba kowane farin gari ake wa ruɗe ba. Har yau Hajiya Lami "mai tuwon shafawa" take ce mini a gaban mutane. Ina amsawa da ƙarfi. Kwalbarta ce ke riga ta kowa ƙarewa.