Rasuwar Gwaggo Madalla, Mai Koyar da Lissafi a Aji Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar wa kowa kai ba, Malamar Aji Ɗaya ke sanar da iyaye, malamai da hukumar makaranta rasuwar abokiyar aikinta, kwamfutar hannun nan da yara suka laƙaba wa suna Gwaggo Madalla. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburin aji, tana tsakiyar aiki, bayan shekara shida tana koya wa 'ya'yan mutane ƙidaya da tarawa da ɗebewa.

Marigayiyar ta zo makarantar nan ne tare da 'yan'uwanta goma sha ɗaya, kyauta daga wasu bayin Allah. Shugaban makaranta ya karɓe su, aka ɗauki hoto, sannan ya jera su a kabad ɗin ofishinsa cikin ledojinsu, ya datse da kwaɗo, wai ajiya maganin wata rana. Ita kaɗai ta kuɓuta, domin Malama ta ɗauke ta ranar hoton ta ce za ta duba, kuma duban bai ƙare ba sai ranar Laraba. Malama ba ta je kwas ɗin koyon kwamfuta ba. Waɗanda aka tura kwas sun dawo da sabuwar jaka da takardar shaida. Ita kuwa zama ta yi a aji bayan an tashi, tabarau a karan hanci, tana latsawa tana ɓatawa tana gyarawa, har ta gane kan abin.

Kowa ya shaida marigayiyar ba ta da girman kai. Ita ɗaya ce, yara sittin da uku, amma ba ta taɓa cewa sun yi mata yawa ba. Malama kan jingina ta da akwatin alli, yara su zo biyar-biyar, hannu a wanke, yatsa ɗaya, sauran kuma suna zaune suna yin lissafin da murafun kwalba har layi ya zo kansu. Tsuntsaye kan sauka a kan wayar lantarki a hoton da ke fuskarta, yaro ya ƙirga ya taɓa amsa. In ya yi daidai ta ce, “Madalla!” In ya kuskure ta ce, “Sake gwadawa.” Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta gulma a ofishin malamai, ba ta makara, ba ta taɓa aiken yaro ya sayo mata komai a lokacin darasi ba. Mai kunne ya ji.

Babbar shaidar haƙurinta ita ce 'Yar Tela, yarinyar da lissafinta ke ƙarewa inda yatsunta suka ƙare. Da ta kai goma sai ta tsaya tana kallon hannuwanta, ido ya ciko. Malama ba ta ɓoye nata halin ba: a karo na uku muryarta kan tashi. Marigayiyar kuwa ta ce wa yarinyar nan “Sake gwadawa” fiye da sau ɗari, da murya ɗaya, ba tsaki ba harara. Malama ta koyi wannan a wurinta, ko da yake ba ta iya shi duka ba.

Jinyarta ta soma ne bara. Bakin cajinta ya saki, sai an ɗaure wayar da roba an tokare da abin goge allo take karɓar wuta. Daga baya muryarta ta dushe, gefen fuskarta ya yi baƙi, cikinta ya riƙa zafi kamar mai zazzaɓi. Duk da haka ba ta nemi hutu ba. Ranar Laraba tsuntsaye takwas suka sauka, biyar suka biyo baya. 'Yar Tela ta riƙe takwas a ka, ta ƙirga biyar da yatsu, ta taɓa goma sha uku. Marigayiyar ta ce, “Mada…” sai fuskarta ta yi duhu. Yara ne suka ƙarasa mata kalmar, baki ɗaya, har ajin da ke maƙwabtaka ya leƙo.

An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfi, ya ce wannan aiki ne ya cinye ta, kuma irin mutuwar da ake wa kowace na'ura fata ke nan. Ya ƙara da cewa wadda aka kulle ba a caji ba a kunnawa, batirinta kumbura yake yi a hankali har ta mutu a cikin ledarta, ba wanda ya sani.

Ta rasu ta bar yara sittin da uku, da wasu ɗaruruwa a manyan azuzuwa waɗanda ba a cutarsu a wurin canji. Ta bar caja ɗaya mai bandeji, da gwangwanin murafun kwalba, da Malama. Ta kuma bar 'yan'uwanta goma sha ɗaya a kabad, waɗanda ba su taɓa jin ɗumin yatsan yaro ba, kuma ba a san halin da suke ciki ba.

Malama na gode wa duk wanda ya yi mata ta'aziyya. Tana kuma sanar da cewa ta karɓi ta'aziyyar shugaban makaranta, wadda ta zo a siffar takardar tuhuma: wai ta bar yara sun lalata kayan makaranta, ta yi bayani kafin Litinin, ko a ɗauke ta daga Aji Ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan sanarwa ita ce bayanin, babu wani bayan shi. Ba ta neman afuwa, kuma da za a mayar da shekara shidan baya, ranar hoton, guda biyu za ta ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Litinin, da zarar an tashi daga taron safe. Za a ɗauko gawar daga Aji Ɗaya a cikin kwalinta na asali, 'Yar Tela a gaba, a ajiye ta a ƙofar ofishin shugaban makaranta, daidai inda ake hango kabad. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar jawabi. Kowane yaro zai zauna a baranda da murafun kwalba goma sha biyu a gabansa, ya ɗebe ɗaya, ya faɗi abin da ya rage da ƙarfi. Sun san amsar, marigayiyar ce ta koya musu. Ana gayyatar iyaye su zo su ji.

Ba za a tashi daga zaman makoki ba sai an kawo mabuɗi. In shugaba ya laluba aljihu bai same shi ba, Malama ta yi alkawarin ba za ta ɗaga murya ba. Za ta faɗa masa abin da marigayiyar kan faɗa ne kawai: “Sake gwadawa.”