Bugun Ƙasa a Gidan Likita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai jikata Balki gidan likita. Ni da mutanen Gaya ke tasowa takanas su nemi shawarata, ranar na sha kunya har na ƙoshi.

Balki na da shekara biyar sa'ad da jirgin ruwa ya kife da su a hanyar Malanbil. Kowa ya fito lafiya, sai bakin yarinyar ya zauna a ruwa. Wata huɗu ko "Kaka" ba ta ce ba. Rubutu mun sha, hayaƙi mun yi, shiru. Uwarta ta ce akwai wata madam mai duba yara irinta. Na ɗaura zanen Juma'a, na riƙe hannunta, ina jiran allura.

Muna shiga ba allura ba kwalba, sai tabarma, da faranti cike da rairayi. Madam ta shafe rairayin da tafin hannu. Wannan ai bugun ƙasa ne! (Ku yi mini adalci, shekara saba'in ban taɓa ganin babba ya shafe rairayi don wani abu daban ba.) Na ce a raina ashe yanzu har boko ake yi masa.

Na matsa, na dafa rairayin da hannun dama kamar yadda ake yi, na raɗa sunan mahaifiyata, na ce, "'Yata, duba da kyau. Na ruwa ne suka riƙe ta, ko hannun mutum ne? In kin gama, akwai akuyata da ta ɓace tun azumi."

Madam ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa. "Inna, na wasa ne. Yaro in ya kasa faɗa da baki, yakan faɗa da hannu."

Sai na ji wata siririyar murya a gefena. "Kaka, kin ɓata mini kogi."

Ashe tana can ta ja layi da yatsa, ta kifa ɓawon gyaɗa a tsakiya. Na rasa in yi kuka ko in ɓuya, na yi duka biyun cikin mayafi.

Kowace Alhamis muka riƙa komawa, ni da tsufana ina tuƙa ɓawon gyaɗa har ya kai gaɓa. Ina kewar waɗannan ranakun. Yau Balki tana lakkwal, makarantar boko, kuma ba baƙon da zai shigo gidanmu ta bar shi bai ji labarin ba. Wanda ya roƙi Allah ya buɗe bakin yaro, to ya shirya jin nasa asirin a kasuwa.