Rasuwar Jaka Mai Igiya Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsoho mai gyaran takalma na bakin kwana yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jakar makarantar gidansa, wadda aka fi sani da Mai Igiya Ɗaya. Ta rasu ranar Talata da sassafe, a kan bencin aikinsa, tana da shekara talatin da huɗu.

Shi ya yanka fatarta, shi ya ɗinka ta da basilla, zare ninki biyu. Shi tsoho, aji biyu ya yi aka cire shi, kuma bai taɓa rataya jaka ba, littafinsa ɗaya a hammata yake zuwa da shi. Shi ya sa da ɗansa na fari zai shiga makaranta, ya yi wa marigayiya ciki mai faɗi, don ta kwaso duk karatun da ya wuce shi.

Ta kwaso kuwa. 'Ya'ya huɗu ta kai ta dawo da su, ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Ruwa ya dake ta, an zauna a kanta, an tare bulala da ita, ɗinkinta ko gezau. Ba ta da surutu. In ana tafiya, ƙarfen bakinta ya ce ƙwas, ƙwas. In an sauke ta a tsakar gida ta ce tim, kowa ya san an taso daga makaranta. Wannan tim ɗin tsoho yana alfahari da shi. A ganinsa nauyin ilimi ne.

Ciwon ajali ya soma ne bayan ta koma hannun jikarsa, 'yar aji huɗu, wadda yake tsokana da Uwargida. Kullum in an tashi sai ta biyo ta shago, ya shafa wa jakar mai, ita kuma ta ba shi labarin wanda aka daka a aji. Bara ta fara kukan baya da wuya. Uwarta ta shafa man zafi. Tsoho ya ce ƙiwa ce. Sau uku aka kawo masa takalman yarinyar, dunduniyar hagu ta cinye ta dama tana nan lafiya. Ya yi faci, ya zagi masu yin takalman zamani, ya jefa tsoffin dunduniyoyin ƙarƙashin benci.

Makon jiya uwar ta kai yarinya asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ta ba ta tsaya a kan mara lafiya ba, har marigayiya ta ɗora a sikeli, ba kunya ba girmama na gaba. Yarinya kilo ashirin da shida. Jaka kilo bakwai. Aka juye ta a bainar jama'a: littattafan bana duka, na bara guda biyar, gorar ruwa, duwatsun wasa, da wata takarda da aka aiko wa iyaye tun zangon farko. Ko da ba komai a cikinta, marigayiya ta kusa kilo biyu. Tsoho yana so a sani cewa fata mai kyau haka take.

Ma'aikaciyar ta ce kayan yaro kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Ta ce igiya biyu ake so, masu faɗi da taushi, a sa su duka biyun, a ɗame su yadda jaka ba za ta sauko ƙasan ƙugu ba. Manyan littattafai su jingina da baya. Kowace yamma a duba jadawali, a ɗauki na gobe kawai. Da labari ya iso wa tsoho, bai musa ba. Bai kuma yarda ba.

Ranar Lahadi sai ga kakan yarinya na wajen uwa, tsohon akawu, mutumin da ke yawo da biro uku a aljihu ko ba abin rubutawa. Ya zo da jakar goyo a leda. Shuɗiya, cike da soso, zif har biyar, da ɗamara kamar za a hau dutse. Ba mai sanin wanda ya ɗinka ta. Ba ta da uba. Uwargida ta goya ta ba komai a ciki, ta zaga gida sau bakwai, ta durƙusa ta yi wa akawu godiya irin wadda tsoho bai samu ba a shekara huɗu na shafa mai. Akawu ya gyara tabarau. Tsoho ya tashi ya ce yana da aiki.

Yarinyar ta ga fuskarsa. Ranar Litinin ta bar shuɗiya a gida, ta rataya marigayiya, ta biyo ta gaban shago don ya gani. Ya gani. Da ta wuce ya bi ta da kallo ta baya, yadda yake bin mai kawo gyara. Kafaɗar dama ta ɗage har kusa da kunne, jiki ya karkata hagu, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Ya sunkuya ya zaro tsoffin dunduniyoyin nan, ya jera. Shekara hamsin yana karanta tafiyar mutane a dunduniyarsu. Ta jikarsa ce kawai ya ƙi karantawa.

Ya san halin Uwargida, don nasa ne. Muddin jakar tana da rai, ɗauka za ta yi. Talata da sassafe ya aika aka kawo masa ita, ya ɗora a benci, ya wasa wuƙa. Igiyar ta ce ƙut. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Marigayiya ta bar ɗa ɗaya da mata uku da ta yi wa hidima, cikinsu har da babban, wanda tela ke fama da kafaɗar rigarsa har yau, tsoho yana cewa gado ne. Ta bar gwangwanin mai rabi. Ta bar Uwargida, wadda ta yi kuka na minti goma, sannan ta goya shuɗiya. Yanzu tana wucewa a miƙe kamar sanda, tana ɗaga wa tsoho hannu biyu, tunda duka biyun sun huta. Ba ta tsayawa. Soso ba ya shan mai.

Za a yi zaman makoki kwana uku a shago, daga buɗewa zuwa rufewa. Mai zuwa ya zo da abin zamansa. Akawu yana iya zuwa, amma ya bar biro a gida, kada kuma ya ambaci soso. Shuɗiya ba za ta tsallake bakin ƙofa ba, sai ranar da zif ɗinta ya mutu, kuma zai mutu, a nan za a ga wanda ake nema. Ranar Juma'a za a yanka fatar marigayiya, a yi wa Uwargida sababbin dunduniyoyi da ita, hagu da dama daidai, marigayiya ta ci gaba da zuwa makaranta ta ƙasa.

Jiya babban ɗan ya zo ta'aziyya. Ya ɗauki igiyar, ya juya ta, ya ce: "Baba, ai yankan ba shi da yawa. Ka ɗinke mana ita, ƙanin Uwargida zai shiga aji ɗaya baɗi."

Tsoho ya karɓe igiyar, ya sa a aljihu.

"Ba zan ɗinka ba."