Rasuwar Uwar Haƙuri, Motar da Na Ƙara wa Lamba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, ni Barau ɗan marigayi Saminu Direba na tashar Gummi, nake sanar da 'yan'uwa, fasinjoji da sauran abokan arziki rasuwar bas ɗinmu, Uwar Haƙuri. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan kwalta, tsakanin mararrabar Bukkuyum da Anka, da fasinja goma sha huɗu da buhunan wake a bayanta.

Marigayiya ta yi shekara ashirin da shida a gidanmu. Mahaifina ya riƙe ta sha tara, ni na riƙe ta bakwai. Ba ta da kyan fuska, ƙofarta ta gefe sai an yi mata kafaɗa take rufuwa, amma ba ta taɓa kwana da fasinja a hanya ba. A hannun Baba, muryarta a kan kwalta “hummm” ce kawai, har tsofaffi su yi gyangyaɗi. Ranar da ya miƙa mini makulli, wasiyya ɗaya ya bar mini: in riƙa tuƙa ta da kunne.

Rashin lafiyarta ya samo asali ne daga daminar bara, kuma wajibi ne in bayyana wa jama'a cewa ni na ɗauko mata shi da hannuna. Aksil ɗinta na baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, ya fara gurnani, na kai ta garejin Murtala bakanike a Anka. Ya ajiye mini biyu a ƙasa, ɗaya mai lamba huɗu irin nata na asali, ɗaya mai lamba biyar da aka ciro daga motar dakon kaya. Ni kuwa tun firamare na san biyar ta fi huɗu.

Murtala ya ce, “Barau, wagga lamba ba ta gudu ba ce, ta ƙarhi ce. Da naka na da, inji shi juya sau huɗu taya ta juya guda. Da wanga sai ya juya biyar. Cikin laka ka ji daɗi, bisa kwalta ka kashe ta.”

Na ce ya ɗaura, ai motar ubana ce.

Bayan wata guda na ƙara mata da ƙananan tayoyi, don na ga sun yi wa motocin samarin tasha kyau. Ban tsaya na yi tunanin cewa ƙaramar taya gajeren taku gare ta ba. Inda babba za ta juya sau goma, ita sai ta ƙara ɗaya, kuma injin ne zai biya.

Nan fa maleji ya shiga yi mini daɗin baki. Allura ta hau ɗari da ashirin, alhali tafiyar ba ta wuce casa'in ba. Na cika tasha da labari cewa tsohuwa ta koma budurwa. Ranar da wani ɗan acaba ya wuce ni da akuya a bayansa, na shaida wa fasinjoji cewa aljani ne. Muryarta ta tashi daga “hummm” ta koma “wiiiii”, na ce guɗa take yi. Ta fara shan mai fiye da kima, na zargi gidajen mai. Jikinta ya yi zafi, na zargi rana.

Inna Maimunatu, mahaifiyata, wadda kujerar gaba tata ce tun zamanin Baba, ita kaɗai ta gane. Ta ce, “Barau, mi kay yi ma motag ga? Ba haka ta ka magana hannun ubanka ba.” Na nuna mata allura. Ta ce ita ba ta iya karatun agogo ba, kuka dai ta sani. Daga ranar ta koma hawan motar maƙwabta.

Kalaman marigayiya na ƙarshe su ne “ƙwas, ƙwas, ƙwas”, sai farin hayaƙi, sai shiru. Da aka ja ta zuwa Anka, Murtala ya buɗe injin, ya duba, ya cire hularsa. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ta rasu ta bar ƙananan tayoyi huɗu cikin ƙoshin lafiya, ba ko kunya. Ta bar aksil mai lamba biyar, wanda ko tari bai yi ba. Ta bar jak, da jarkar ruwa, da carbin Baba a jikin madubi. Ta kuma bar ni, marayan direba, ina kiran lodi a motar wasu.

Za a ɗauko gawar daga Anka ranar Asabar bayan sallar azahar. Ana karɓar gaisuwa a ƙarƙashin dalbejiyar tashar Gummi. Ana roƙon masu ta'aziyya su taƙaita da “ya haƙuri”, ban da tambayar nawa take gudu. 'Yan gwangwan su dakata sai bayan sadakar bakwai.

Murtala ne zai ja ta da igiya. Ni zan riƙe sitiyari. Inna ta ce a share mata kujerarta, da ita za a yi wannan tafiyar, tunda yanzu motar ta daina kuka. Za mu taho a hankali, irin tafiyar da marigayiya ta shekara tana roƙona da ita ban ji ba. Makullin kuwa Inna ta riga ta karɓa, ta ce na mai kunne ne.